Bayan Ganuwa: Yadda Baƙi Suka Gina Fagge da Sabon Gari

Wanda ya fita daga birnin Kano ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai a ƙarshen ƙarni na 19, fili zai tarar, da gonaki da kududdufai, sai zangon da ayarin Buzaye ke sauka in kaka ta yi. Nan ne Fagge. Daga Abzin suke tasowa, su ratso Damargu, raƙumansu ɗauke da kantun gishirin Bilma da dabino. A bayan ganuwa suke kwance kaya, don lungun birni ba ya ɗaukar garken raƙuma. Fatoma ya karɓe su, dillali ya shiga tsakani, in za su koma su yi lodin gero da dawa, da turkuɗin Kura mai sheƙi wanda Buzu ke yin amawali da shi, da kayan fata na dukawan Kano. Masu ba da tarihi suna kai asalin wannan zango har zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wanda kuma ya kafa Kasuwar Kurmi.

Tun wancan lokaci Kano tana da tsarinta na saukar baƙo, kuma sunayen unguwannin cikin birni sun ishe mu shaida. Wangarawa sun zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, da addini da kasuwanci, zuriyar malamansu na nan a Madabo. Sharifai suna danganta kansu da jama'ar Shehu Magili, malamin da ya zo daga Tilimsan zamanin Rumfa. Ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi inda fataken Yarbawa suka zauna a ƙarni na 19. Dandalin Turawa kuwa mazaunin Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, tun Kanawa ba su san wani farin mutum ba sai Balarabe. Agalawa, waɗanda suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja, asalinsu daga ƙasar Buzaye ne. Duk waɗannan, jikokinsu Kanawa ne yau, ba wanda ke tambayarsu takarda.

Yadda abin ke faruwa sananne ne. Kowane baƙo yana da mai masauki, wanda zai tsaya masa a kasuwa da gaban alƙali. Su ci tuwo a kwano ɗaya, su bi liman ɗaya, in zama ya yi daɗi a ba shi 'ya. Ɗansa ya tashi da Hausa a baki. Gaskiya ne abin ya zo da sauƙi don yawancin masu zuwan Musulmi ne, gaskiya ne kuma wasu dubbai ba da son ransu suka zo ba, a ɗaure aka kawo su. Duk da haka ƙofar zama ɗan gari a buɗe take, kuma da yawa sun shige ta.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiye-tafiyensa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman, ba lafiya, ga bashi a wuyansa. Ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000, ya ce sukan ninka a lokacin ciniki. Abin da ya fi jan hankalina a bayaninsa shi ne kayan da ya gani a Kurmi: akoko daga Mancista, duwatsun ado daga Italiya, allurai da madubai daga Nurembag, da ruwan takubba daga Solingen ta ƙasarsu. Ta Sahara duk suka iso, a bayan raƙumi. Ke nan Buzun da ya sauka a Fagge kan koma Abzin rataye da takobin da aka ƙera ruwansa a Jamus, aka yi masa mariƙi da kube a Kano. Kayan Turai sun riga Bature isowa da shekaru masu yawa, kuma Kanawa ne ke sarrafa su yadda suke so.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Kanar Morland suka ci birnin, Sarki Alu kuwa ya riga ya tafi Sakkwato, daga baya aka naɗa Abbas. Bindiga ta sauya sarki, dogo kuma ya sauya Waje, wato unguwannin bayan ganuwa. Layin ya iso Kano a 1911, zuwa 1912 jirgi na zirga-zirga har Ikko. Kayan da ke shafe watanni tsakanin Tarabulus da Kano sai ga su cikin makonni ta teku da jirgin ƙasa. A 1911 ɗin Italiya ta auka wa Tarabulus, sannan yaƙin Kawusan da Faransawa a Agadas a 1916 da 1917 ya tagayyara ayarin Buzaye. Garin da ya shekara ɗaruruwa yana fuskantar arewa sai ya juya yana fuskantar kudu, kuma Fagge ce ta faɗo tsakanin ganuwa da tasha.

Sabon mulki yana buƙatar akawu da tafinta, da mai buga waya, da direban jirgi, da kafinta da magini. Arewa ba ta da su, domin an hana mishan buɗe makarantu a biranen sarakuna, makarantar Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer haifaffen Suwizalan, kuwa sai a 1909 aka buɗe ta a Nasarawa. Sai aka ɗebo ma'aikata daga Ikko da Abekuta da Saliyo da Gwalkwas, wato Gana ta yau. To, ina za a ajiye su? Turawa sun ce sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba. Akwai kuma abin da ba su cika faɗa a fili ba, wato tsoron kada mutumin da ya san jarida da lauya ya zauna kusa da talakan da ake so ya biya haraji ya yi shiru. A 1913 aka yanka Sabon Gari, tituna miƙaƙƙu, fuloti a jere, aka sa ta ƙarƙashin joji Bature, ba ruwanta da sarki ko alƙali. Su kansu Turawan suka koma Nasarawa da Bompai, bisa ƙa'idar Gwamna Lugga ta barin fili mai yadi 440 tsakaninsu da baƙar fata, da hujjar gudun sauro. Dokar birane ta 1917 ta tabbatar da wannan rabo.

A ganina nan ne aka karya wani abu da har yau ba a ɗora ba. A karon farko baƙo ya sauka a Kano ba shi da mai masauki sai gwamnati. Ba ya buƙatar kowa a birni ya tsaya masa, ba wanda ke buƙatar sanin sunan mahaifinsa. Kotunsa daban, makarantarsa daban, maƙabartarsa daban. Birni da Sabon Gari suka zama kamar kishiyoyi a gida ɗaya, kowacce da murhunta, sai a bakin rijiya ake haɗuwa. Rijiyar ita ce kasuwa.

Mazaunan farko ba duka 'yan kudu ba ne. Akwai Nufawa, akwai Hausawa tsofaffin soja da leburorin dogo, waɗanda daga baya aka riƙa turawa Tudun Wada da Gwagwarwa don a ƙara tace rabon. Yarbawa ne suka fi yawa da farko, kuma da yawansu Musulmi ne, da masallatansu da makarantar Ansaruddin, abin da masu ɗaukar Sabon Gari unguwar Kirista zalla kan manta. Ibo sun fara kwarara ne bayan layin gabas ya haɗu da na arewa, musamman da aka gama gadar Makurɗi a 1932, kuma cikin 'yan shekaru suka zarce kowa. Tun da En'e ba ta ɗauki baƙin Sabon Gari nata ba, sai suka yi wa kansu komai: coci irin su Holy Trinity, makarantun Ibo Union, ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya masu adashi da ɗaukar nauyin gawa zuwa gida.

Mai son karanta wannan tarihi ya bi titunan da ƙafa ya duba allunansu. Yoruba Road, Ibo Road, Abeokuta Road, Enugu Road, Warri Road, Gold Coast, Freetown, kowanne yana faɗin inda wasu suka fito. France Road sunan mutum ne, G. E. France, tsohon babban akawu ɗan Gwalkwas wanda Turawa suka ɗora shugaban Sabon Gari a farkon shekarun 1930. Wanda ya gaje shi, Barlatt-Hughes, mai ɗaukar hoto ne ɗan Saliyo, shi ma akwai titi da sunansa. Wato akwai lokacin da mutumin Gana da mutumin Saliyo ke yanke hukunci tsakanin Bayarabe da Banufe a ƙasar Kano. Sai a 1940 aka mayar da unguwar ƙarƙashin En'e, ta shiga cikin abin da ake kira Waje tare da Fagge. A lokacin an riga an haifi 'ya'ya a cikin rabon, sun girma sun ɗauka haka duniya take.

Fagge kuwa wata hanya ta bi, kuma gyaɗa ce ta shata ta. Turawa auduga suka so, don masaƙun Ingila. Manomin Kano ya duba farashi, ya ga gyaɗa ta fi tsoka, kuma in ciniki ya ƙi ana iya cinye ta a gida, sai ya shuka gyaɗa. Kamfanoni suka yi sahu kusa da tasha: Kamfanin Neja, John Holt, CFAO na Faransawa, PZ, Ambrosini na 'yan Italiya masu sayen fata da ƙirgi. Bature ba ya jin Hausa, bai san ƙauye ba, dole ya nemi wanda zai ba kuɗin gaba ya shiga karkara da sikeli. Fataken goro su ne suka san wannan aiki, shi ya sa Alhassan Ɗantata, ɗaya daga cikinsu, ya zama babban wakilin Kamfanin Neja, har ake ba da labarin azurfar da ya kai banki a kan raƙuma 20 da aka buɗe reshen Kano a 1929.

A tsakanin kamfani da manomi ne 'yan Siriya da Labanan, waɗanda Kanawa ke kira Kwara, suka sami gurbi. Talauci da mulkin Turkawa da mutuwar sana'ar siliki ne suka koro su daga ƙauyukansu. Wasu Amurka suka nufa, guzuri ya ƙare a Marsai, suka hau jirgin da ke zuwa Afirka ta Yamma. Turawan mulki ba su ɗauke su Turawa ba, ba su kuma bar su cikin birni ba, sai aka ware musu Fagge ta Kudu. Nan suka yi gine-ginensu, kanti a ƙasa, iyali a sama ko a baya, maigida da uwargida duka a kan kanta. Abin da ya ba su galaba a kan Bature shi ne sun koyi Hausa, suna zama a yi ciniki, suna ba da bashi, ba sa tafiya hutu Ingila. A shekarun 1930 wani Bayahude ɗan Tarabulus, Saul Raccah, ya gagari manyan kamfanoni a sayen gyaɗa, a shekarun 1940 kuma George Calil ya kafa injin matse man gyaɗa. Wannan layin kantuna nasu shi ne ya zama Kantin Kwari.

Garuruwa biyu na Labanan sun fi kowa turo mutane Najeriya: Juwayya ta kudu, ta Musulmi 'yan Shi'a, da Miziyara, wani ƙauyen Kirista a kan duwatsun arewa. Wanda ya je Miziyara zai ga gidaje na alfarma, har da wanda aka gina da siffar jirgin sama, da dukiyar da aka tara a Najeriya. Yadda suka bar alamarsu a Fagge, haka ƙasarmu ta bar tata a kan dutsensu.

Sunayen da muke faɗa kullum a bakin 'yan adaidaita ma gadon baƙi ne. Beirut Road da Lebanon Road ba sa buƙatar bayani. Singa, babbar kasuwar kayan masarufi, daga kamfanin keken ɗinki na Amurka ta samo suna. Bata, a bakin kasuwar Sabon Gari, kantin takalma ne na kamfanin da aka kafa a garin Zilin na ƙasar Cek a 1894. Leventis mutumin Kubrus ne. Gurasa da alkubus da alkaki, da muke tinƙaho da su a matsayin abincin Kanawa, daga ɗakin girkin Larabawan birni suka fito, sun daɗe da zama namu har ba mai tunawa.

Sinima ma ta nan ta shigo. 'Yan Labanan ne suka buɗe Rex a 1937, daga baya aka sami Plaza a Fagge da sauransu. Malamai sun ƙi ta, kuma da gobarar El-Duniya ta 13 ga Mayu 1951 ta halaka mutum 331, da yawa sun ce ishara ce. Amma masu kawo fim sun gano cewa finafinan Indiya, da kunyarsu da auren dolensu da rigimar iyaye, sun fi shiga ran Bahaushe fiye da na kaboyi. Duk wanda ke mamakin rawa da waƙa a finafinan Hausa na yau, ya nemi tushensu a bencin Plaza.

Ta sama ma baƙi sun zo. Jiragen farko sun sauka a Kano a Nuwamban 1925, na sojan Ingila daga Masar. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, akan kawo jiragen yaƙi a akwatuna zuwa Takoradi a harhaɗa, sannan a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Hartum zuwa Alƙahira. Cikin matuƙan har da 'yan Polan, waɗanda Jamus ta mamaye ƙasarsu a 1939, suka zo suna shan mai a filin da yau yake cikin ƙaramar hukumar Fagge. Bayan yaƙi filin ya zama ƙofar Makka. A 1948 Mahmud Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash, shi kansa jinin Larabawan Arewacin Afirka, suka kafa kamfanin jigilar alhazai da ake taƙaita sunansa WAPA. Alhaji na buƙatar kuɗin guzuri, 'yan canji suka taru a wurin, ga Wapa nan har gobe, inda farashin dala da riyal da sefa ke tashi da sauka a bakin mutane.

Abin da Turawa suka ji tsoro kuwa sai da ya faru. Katanga tana hana aure da maƙwabtaka, amma ba ta hana jarida tsallakawa. A 1949 Azikiwe ya mayar da jaridarsa Comet zuwa Kano, samarin Fagge da na birni suka samu inda za su rubuta abin da ba a faɗa a gaban hakimi. Ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka kafa NEPU, cikinsu akwai Abba Maikwaru na Fagge, da Magaji Dambatta, da Mudi Sipikin, da Bello Ijumu, Bayarabe daga lardin Kabba. Malam Aminu Kano ya ajiye koyarwa ya shigo daga baya. Teloli da 'yan koli da direbobin Fagge su ne ƙashin bayan jam'iyyar, mutanen da sana'arsu ta sa kullum suna cuɗanya da baƙo, ba sa kuma cin abinci daga hannun En'e. Siyasar talakawa da Kano ke alfahari da ita, a Waje aka yi mata wankan jego.

Amma shekara uku kacal bayan haka aka ga ɗaya fuskar rabon. A ƙarshen Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce ba su shirya ba, aka yi musu ihu a titunan Ikko. Da Akintola ya shirya zuwa Kano da tawagar Action Group a watan Mayu, rikici ya ɓarke daga ranar 16, aka kwana huɗu ana fafatawa, mafi muninsa a kan iyakar Fagge da Sabon Gari. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni. Tawagar Yarbawa ce ta jawo maganar, amma yawancin faɗan tsakanin Hausawa da Ibo aka yi shi, masu gogayya a kasuwa ɗaya da neman aiki ɗaya. Mutanen da suka shekara arba'in suna ciniki da juna ba su san gidajen juna ba, sai kowa ya yarda da duk abin da aka faɗa masa game da ɗaya ɓangaren.

Na 1966 ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairu, da dokar haɗe ƙasa ta Ironsi a Mayu, da juyin mulkin Yuli, aka kai ga ranar 1 ga Oktoba, inda aka kashe Ibo a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da cikin Sabon Gari. Talakawa ne, akawu da makaniki da mai shago, waɗanda ba su da hannu a abin da sojoji suka yi a Kaduna da Ikko. Bai kamata mu riƙa tsallake wannan shafi in muna ba 'ya'yanmu labari ba. Haka kuma bai kamata a tsallake waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu ba, ko abin da ya biyo bayan yaƙi: a Kano an riƙa karɓar hayar gidajen da aka gudu aka bari, da masu su suka dawo bayan 1970 aka miƙa wa da yawansu gidajensu da kuɗin hayar, alhali a Fatakwal maganar dukiyar da aka bari ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Sun dawo kuwa, har suka fi da yawa.

Daga nan kusan kowace shekara goma sai yankin ya sha wata. Maitatsine a 'Yan Awaki a Disambar 1980, rigimar ginin coci a Fagge a 1982, tarzomar Oktoban 1991 kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke, bam a tashar motar New Road a Maris 2013, gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a 2016. Bayan kowace, sai a share toka a buɗe shago, domin mai kayan gyaran mota na buƙatar direban Bahaushe, mai tumatir na buƙatar matar Ibo.

A Fagge dai tsohon tsarin nan na Kano bai mutu ba. Jikokin Buzaye da Barebari da Shuwa da Sudaniyawa da Yamalawa da Nufawa sun narke sun zama 'yan Fagge, da tinƙahonsu na wayewa da iya ɗinki da ƙwallo. Wasu gidajen 'yan Labanan ma sun kai zuriya ta huɗu, Hausarsu ba ta da gargada. Dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta fitar da su daga sayar da yadi, suka koma masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, yaran kantinsu na da suka zama iyayen gida a Kwari. Yau daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa sarin atamfa da shadda da leshi. Sai dai yawancin masaƙun Kano sun rufe, dilolin daga Sin suke zuwa, kuma 'yan Sin ɗin sun biyo kayansu. Kukan da 'yan Kwari ke yi da su, cewa mai kawo kaya ya sauko yana sayarwa da kansa, shi ne kukan da kakanninsu suka yi da 'yan Labanan. A 2019 Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa Mike Zhang wakilin 'yan ƙasarsu, kamar yadda Yarbawa da Ibo ke da shugabanninsu da fada ta sani. Fada dai ba ta manta yadda ake saukar baƙo ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda shaidar wannan tarihi ke ɓacewa a gabanmu. Tsofaffin kantunan 'yan Labanan masu baranda ana rushe su ɗaya bayan ɗaya ana tayar da filaza, har a kan magudanar ruwa, ambaliyar da ta shiga Kwari a daminar 2022 ta nuna kuɗin da hakan ke ci. Gidajen sinima sun zama rumbuna da shaguna. Gidan Makama yana adana tarihin birni, Gidan Ɗan Hausa yana adana na Turawa, na Waje kuwa yana bakin tsofaffi da cikin littattafan malamai irin su Sabo Albasu a kan 'yan Labanan, da Ahmed Bako a kan Sabon Gari, da Rasheed Olaniyi a kan Yarbawa, duka da Ingilishi. Telan Fagge da kakansa ya ɗinka tutar NEPU ya cancanci ya karanta labarin unguwarsu da harshensa.

Sannan ga maganar takarda. Yaron da aka haifa a Sabon Gari, aka haifi ubansa a nan, kakansa ya sauka daga jirgi a 1935, in zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, sau da yawa sai ya tafi wani ƙauye a Anambara ko Ogbomosho neman takardar shaidar asali, garin da bai sani ba sai a bikin Kirsimeti ko jana'iza. Hausa yake ji kamar ni, harajinsa a Kano yake biya. Kakan Ba'agale da ya zo daga Abzin bai sha wannan ba. Turawan da suka yanka fulotin sun tafi tun 1960, mu ne muka riƙe rabon muka sa masa hatimin ƙaramar hukuma. Kuma abin yana cin namu: unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta a 1916, jikokin fataken goro da shanun da suka zauna a can ana haifarsu suna tsufa, in an zo rabon gurbi a ce su nemo takarda daga Kano ko Katsina, inda wataƙila ba sauran wanda ya san sunan kakansu.